Ta Goma Sha Biyu a Layin Bappa

Duk wanda ya san Bappa Hammadu ya san hularsa, duk wanda kuma ya san hular ya san takardar da ke cikinta. Falle ɗaya ne da aka yago daga littafin makaranta, an ninke shi huɗu, zufa ta rina shi har ya koma kalar shayi. A ciki an jera sunayen tsofaffin dangi, daga wanda ya fi kowa shekaru har zuwa autansu. Ranar Sallah da an sauko daga Idi, Bappa zai tsaya a ƙofar gidanmu na Luggere a Jimeta, ya cire hular, ya warware takardar kamar bai haddace ta ba, ya ce, "To, wa ya riga zuwa duniya?"

Da wannan tambayar bawan Allahn nan ya cinye mini Sallah ta fi ashirin, ƙarama da babba. Yanzu shekara uku da rasuwarsa, kullum aka ambace shi sai ku ce Allah sarki Bappa, mutumin kirki, mai zumunci. Na yarda. Amma ku a kan tabarmarku kuke zaune, fanka na kaɗa ku, ya zo ya gaishe ku ya wuce. Ni ce a bayan mota da yara uku a zafin Yola, don haka yau ku yi haƙuri ku bar ni in faɗi nawa.

Ga wanda bai san mu ba, Bappa ƙanen mahaifin maigidana ne. Shi ya riƙe shi tun yana maraya, shi ya yi masa aure, kuma gida ɗaya muke zaune. Shekara talatin da wani abu ya yi yana akawu a sakatariya, aikinsa jera fayil. Da ya yi ritaya ya rasa fayil ɗin jerawa, sai ya koma jera mutane. Dokarsa ɗaya ce tal: gaisuwar Sallah shekaru take bi, ba hanya ba. A fara da babba, sannan mai bi masa, ko da ɗaya yana gabas ɗaya yana yamma. Kuma ba mai fita daga gidan nan ya gaida kowa kafin layinsa ya zo.

A baki abin da daɗin ji, amma bari ku ji shi a ƙasa. Ta ɗaya Dada Nenne, tana cikin garin Yola. Na biyu Kawu Sali, yana Jambutu, wato mu dawo Jimeta. Ta uku Goggo Adda, tana can gefen Njuwa wurin masu noman shinkafa, wato mu sake komawa Yola. Ta huɗu kuwa maƙwabciyarmu ce a Luggere, katanga ɗaya ta raba mu. Da asuba ina jin tarinta, amma ba ni da izinin ce mata barka da Sallah sai na je Yola sau biyu na dawo. Mahaifiyata, Inna, tana Jambutu, kuma ita ce ta tara.

Motar ma kun san ta, wadda yara suka raɗa wa Sai Haƙuri. Taga huɗu, abin murɗa gilas ɗaya, ana miƙa shi daga gaba zuwa baya kamar ludayi. Bappa ne ke tuƙi da kansa, bai yarda kowa ya taɓa masa sitiyari ba, kuma bai taɓa wuce mai keke ba sai in mai keken ne ya tsaya.

To ga inda abin ya taɓa ni. Inna tela ce. Tun da na haifi Walida, ita ke ɗinka wa 'ya'yana kayan Sallah da hannunta, azumi guda tana kan keke, wuyan riga kuma da allura take yi masa ado. Ita ma tana da tata dokar: ba a gwada kayan Sallah kafin Sallah, cewa take in an gwada sun zama kwance. Za ta auna yaro da tef, ta ɗinka, ta goge, ta aiko a ƙulle a leda ana gobe Sallah. Ladanta ɗaya, ta ga kayan a jikin yaran ranar Sallah da idonta. Kun ga na faɗa tsakanin tsofaffi biyu, kowanne kansa ya fi na ɗan'uwansa tauri.

Shekarar da Walida ke da biyar, Sadiku uku, Ummi tana goye, muka shigo Jambutu za mu gidan Kawu Sali. Gidan Inna a kan layin yake, ƙofa uku kafin nasa. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe, yara fes da su, farar shaddar Sadiku har ɗaukar ido take yi. Ga Inna a ƙofar gida da mayafinta, ta san ta nan za mu wuce, ta fito ta tsaya. Ni suruka ce, ba na iya yi wa Bappa magana, sai na mintsini kafaɗar maigida. Ya yi gyaran murya.

"Bappa, ga Inna can a waje. Ko minti biyu ne..."

"Ta nawa ce?"

"Ta tara."

"Yanzu muna na nawa?"

"Na biyu."

"Ashe ka iya lissafi."

Walida ta zura hannu ta taga tana kiran Inna, Inna. Bappa ya hango ta ta madubi.

"Ke, sauke hannun nan. Ɗaga hannu ma gaisuwa ce."

Wallahi haka muka wuce ta gaban mahaifiyata, a hankali, da gudun Sai Haƙuri, har ina ganin zaren da ya maƙale a mayafinta. Ta ga mota, ta ga kawunan yara, ko aljihu ɗaya na ɗinkinta ba ta gani ba. Kuma kun san gidan tsofaffi, ba ka fita sai ka ci. Dada ta ba su fura, Kawu ya ba su zoɓo, Goggo Adda ta ba su kifi da manja. Kafin mu kai gida na bakwai, shaddar Sadiku ba ta da sauran wurin da za a kira fari. Muka iso wurin Inna bayan magariba, an ɗauke wuta, biyu sun yi barci, ɗaya tana kuka. Inna ta haska tocila, ta shafa wuyan rigar Walida, ta ce, "Ɗinkin ya zauna dai?" Na ce ya zauna, Inna. Haka aka yi ta yi mana shekara bayan shekara.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Kun tuna yadda hanyar Jimeta zuwa Yola ta koma: buhunan yashi, ganguna, kowa ya sauka daga mota ya ɗaga hannu ya taka da ƙafa, da yamma kuma doka ta ce kowa ya shige gida. Masu hankali suka rage yawo. Na ce alhamdulillahi, ko ba komai bana Bappa zai bi hanya kamar sauran 'yan Adam, mu gama Jimeta sannan mu je Yola sau ɗaya. Maigida ya kai masa shawarar. Bappa ya ce, "Masu bindigar nan sun canza wa wani ranar haihuwa ne?"

Shinge ɗaya ne a tsakiyar hanya, kuma ranar sau shida muka bi ta kansa. Na farko suka ce mu wuce. Na biyu suka ce mu wuce. Na uku wani soja ya leƙo ya ce, "Baba, na you again?" A na biyar sajan ɗinsu, wani yaro matashi, ya ce a faka a gefe kowa ya sauko. Ga ni a tsakiyar rana da goyo, hannu ɗaya a sama, ɗayan riƙe da Sadiku da ke cewa fitsari yake ji.

"Baba, tun safe kuke kai da kawo a hanyar nan. Me kuke ɗauka, me kuke saukewa?"

Maimakon ya ba da amsa da baki, sai Bappa ya kai hannu kai da sauri zai cire hula. Na ji ƙarar bindigogi sun motsa, na fara salati. Sajan ya ce a hankali, Baba, a hankali. Bappa ko a jikinsa, ya zaro takardar ya miƙa masa. Ku duba mini fa, a wancan zamanin, tsoho da takarda ɓoye a cikin hula, sunayen mutane da unguwanninsu da lambobi, wasu an ja musu jan layi.

"Waɗannan masu jan layin fa?"

"Sun tafi."

"Wa ya tafi da su?"

"Wanda ya kawo su."

Maigida ya shiga tsakani, zufa na ɗiga masa ta haɓa, ya yi bayani da Hausa, ya yi da Turanci, ya nuna yara, ya nuna kular masar da muka ɗauko. Da ƙyar sajan ya gane, da ya gane kuma ya yi dariya har ya dafa mota. Ya miƙa wa Bappa hannu ya ce barka da Sallah, ku je. Da Bappa ya karɓi hannun nan da mun tsira. Ina. Ya bar hannun a iska, ya leƙa bayan buhunan yashi, ya hango wani kurtu mai furfura, ya taka har can ya fara gaishe shi.

"Baba, oga ne fa wancan," in ji kurtun.

"Igiyar hannu daban, shekaru daban. Kai ka riga shi zuwa duniya."

Su bakwai ne a shingen. Sai da ya tambayi kowannensu shekarunsa, ya jera su, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya har da tambayar mutanen gida, sajan ya zo na biyar. Sojoji sun ji daɗi, har ruwan leda suka ba yara. Mu kuma dokar hana fita ta kama mu a gida na takwas. Inna ta kira ni a waya ta ce, "Kun kusa? Masar tana hucewa." A Sallar nan ko da tocila ba ta ga ɗinkinta ba. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, kwana uku ban yi wa maigida magana ba. Bappa kuwa a tsakar gida yake cewa, da ƙarfi don in ji, "Layi bai ɓaci ba, gobe daga ta tara za mu tashi." Washegari muka je, kayan suna kan igiya, zoɓon ya ƙi fita.

Zan faɗi wani abu, Allah ya yafe mini. Shekara da shekaru ina jiran Inna ta matsa gaba a takardar nan, kuma na san sarai abin da ke matsar da mutum gaba. Akwai ranar da Kawu Sali ya yi tari a gabana na kama kaina ina saurare da wata manufa. Sai da na yi istigfari. Ga abin da Bappa ya mayar da ni.

Maimakon gaba, baya Inna ta yi. Shekarar da garuruwan arewacin jiha suka watse, mutane suka cika Yola da Jimeta, kowane gida ya ɗauki nasa baƙin. Bappa ya bi gidajen dangi ya zaƙulo tsofaffi uku cikin waɗanda suka gudo. Biyu dangin nesa ne, ɗaya ma ba mu haɗa komai da shi ba. Ba wanda ke da takardar haihuwa a cikinsu, don haka ya zaunar da su ya yi musu tambayoyi kamar masu neman aiki.

"Ranar da aka fara ganin mota a garinku, kana da wando ko ba ka da shi?"

"Da aka daina kashe kwabo mai huji, 'ya'yanki nawa?"

Tsohuwar cikinsu ta so ta rage shekaru, ta ce ita ba ta san wani kwabo mai huji ba. Bappa ya ce to madalla, ke ce ta ƙarshe, sai bayan magariba. Nan take ta tuna kwabon, har da abin da take saya da shi. Aka gama bincike, duka ukun sun girmi Inna. Daga ta tara ta koma ta goma sha biyu.

Da maigida ya gaya mini, tukunya ce a hannuna, na dire ta har murfin ya yi tsalle. Na ce, "Abban Walida, mutanen nan ko sunansu ba mu sani ba." Ya ce in yi haƙuri. A gidan nan komai haƙuri ne, har mota.

Amma zan faɗi gaskiya. Ɗaya daga cikinsu, Malam Buba, a gindin mangwaro muka same shi a gidan da aka sauke shi, shi kaɗai, da rigar aro da ta yi masa yawa. Da ya ga mun durƙusa da yara sai ya waiga bayansa, ya zaci wani muke gaisarwa. Ya kama hannun Sadiku ya ƙi saki. Ya ce nasa jikokin tun ranar gudu bai san inda suke ba, kuma bai zaci akwai wanda zai ce masa barka da Sallah bana ba. Bappa ya nuna masa takardar ya ce, "Kai ne na shida. Ka ga sunanka nan." Tsohon ya daɗe yana kallon rubutun, alhali bai iya karatun boko ba. Da muka koma mota Bappa ya ce, ba tare da an tambaye shi ba, "Tsoho yana gane wanda ya zo wurinsa da wanda hanya ta biyo da shi." Na yi hawaye, ban ɓoye ba. Amma kuka daban, haushi daban. Na share hawayena na ci gaba da jin haushina.

Bayan shekara ɗaya idon Inna ya fara tafiya. Muka kai ta asibitin ido, likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, magani sai dai ya rage mata gudu. Da rana tsaka tana gani dishi-dishi, da la'asar ta yi sanyi sai inuwa kawai. A azumin nan ni nake zuwa in zura mata zare a allura goma in soke a matashi, ta yi ta amfani da su har in dawo. Ta ɗinka wa Walida koriyar riga, adon wuyan ya ci mata kwana goma sha biyu, da can kwana biyu take yi. Ranar da ta gama ta rufe keken da zane ta ce, "Wannan ne na ƙarshe."

Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan, ban taɓa ce wa Bappa abin da ya wuce ina kwana da sannu da dawowa ba. Ana saura kwana biyu Sallah, bayan la'asar, yana zaune yana gyaran rediyonsa, na je na durƙusa a gabansa.

"Bappa, ina da magana."

Ya ɗago ya dube ni kamar turmi ne ya yi magana.

"Inna ba ta gani in rana ta yi sanyi. Bana ne ɗinkinta na ƙarshe. Ina roƙo a fara da ita, sau ɗaya."

"Wa ya riga zuwa duniya?"

"Na sani, Bappa. Mutum goma sha ɗaya sun riga ta. Amma idonta ba zai jira layi ba."

Ya ɗauki hularsa ya sa, ya ci gaba da murɗa rediyo. Na tashi ba tare da ya sallame ni ba, abin da ban taɓa yi ba. Na sami maigida na ce masa ranar Sallah zan tari keke napep in kai yarana wurin uwata da safe, in ya so duk abin da zai faru ya faru, ko da kayana ne zan tarar a waje. Ya ce in yi haƙuri. Na ce haƙurin ya ƙare, sai dai ku shiga motar.

Ranar Sallah aka sauko daga Idi, Bappa ya tsaya a ƙofa, ya cire hula, ya yi tambayarsa, ya amsa wa kansa da Dada Nenne, ya danna hon. Maigida ya dube ni da idon roƙo. Na shiga da yara fuskata a ɗaure, niyyata in mun kai bakin titi in ce a sauke mu. Sai na ga motar ta bar hanyar Yola ta karya ta Jambutu. Ta tsaya cak a ƙofar Inna. Bappa ya fita ya yi sallama, Inna ta fito tana laluben bango.

"A'a, Malam Hammadu, barka da..."

"Dakata, Hajiya. Sallama na yi, ita ta Allah ce. Barka sai layi ya zo. Ɗauko mayafinki, fasinja nake nema."

Ya juyo ya leƙo mu ta taga.

"Duk wanda ya ce mata barka da Sallah a cikinku, a nan zan sauke shi."

Haka Inna ta shiga Sai Haƙuri. Muka ba ta gefen taga inda rana ke shigowa. Ta jawo Walida jikinta, ta juya wuyan rigar wajen haske, ta kai fuskarta kusa har hancinta na taɓa zaren. Ta daɗe a haka. Ta jawo Sadiku ta duba aljihu, ta duba maɓalli, ta sa Ummi ta tsaya a kan cinyarta ta juya. Can ta ce, "Hannun hagun Sadiku ya fi na dama tsawo." Tana dariya hawaye na bin kumatunta, ni kuma na juya ina kallon titi.

Yini guda tana tare da mu, Yola, Jambutu, Njuwa, Luggere, Yola kuma. A gidan Kawu Sali da idonta ta ga zoɓo ya sauka a gaban rigar Sadiku, ta ce, "Ashe haka ake yi musu." Sojojin shinge suka ce, Baba, bana an samu ƙari ke nan. Bappa kuwa tun da ba a yi gaisuwa ba, bai yarda ya yi mata magana kai tsaye ba, sai ta bakin maigida.

"A gaya wa fasinja ta daina ɗura wa yara alewa."

"A gaya wa direba ya taka mota," in ji Inna, "akuya ta wuce mu."

Rana ta kusa faɗuwa muka gama na goma sha ɗaya, muka dawo ƙofar Inna. Bappa ya ce fasinja ta sauka. Ta sauka ta shiga gida. Ya hana kowa motsi, ya zuba wa agogonsa ido har minti biyar suka cika, sannan ya gyara hula ya ce mu je. Ya yi sallama, muka shiga, muka tarar ta shimfiɗa tabarma ta zauna ta harɗe kamar tun safe take jiranmu. Ya durƙusa.

"Barka da Sallah, Hajiya. Mun same ku lafiya?"

"Jaɓɓama, sannu da zuwa, Malam Hammadu. Lafiya lau. Ya hanya?"

"Hanya alhamdulillahi. Sai dai mun ɗauko wata fasinja mai surutu."

"Allah ya ba ku haƙuri. Ni ma yau wani direba na samu, da na sani da ƙafa na tafi."

Ko murmushi babu a fuskar ɗayansu. Yara ne suka faɗi ƙasa don dariya.

Kada ku zaci na huce. Da muka dawo gida na zauna na yi tunani, haushi sabo ya taso mini. Ashe akwai wannan dabarar? Shekara goma sha ɗaya tocila, da kuka, da masa mai sanyi, alhali wurin zama ɗaya kawai ake buƙata a bayan mota? Na ce wa maigida ya je ya tambaye shi me ya hana a yi haka tun farko. Ya je ya dawo yana danne dariya.

"Ya ce fayil ɗin bai taɓa zuwa teburinsa ba sai shekaranjiya."

Kafin Sallah ta zagayo idon Inna ya rufe gaba ɗaya. Koriyar rigar nan ita ce abu na ƙarshe da ta gani sosai cikin aikin hannunta, kuma har yau tana iya faɗa maka kalar kowane zare da ke wuyanta. Duk da haka Bappa bai daina ɗaukar fasinjarsa ba. Ta ce masa ba ta ganin komai, ya ce ba gani aka ɗauko ta yi ba, kujerar ce ta saba da ita.

Sai ga shi shekara uku da suka wuce, zazzaɓin kwana huɗu, Bappa ya tafi. A lokacin akwai mutum huɗu a takardarsa da suka girme shi, suna nan da ransu. Aka kawo Dada Nenne ta'aziyya a riƙe, ta kusa ɗari, ta zauna ta yi addu'a, sannan ta ce, "Yaron nan ba shi da kunya. Ni ce fa ta ɗaya." Mutane suka yi dariya cikin kuka. Ni ban yi dariya ba, don gaskiya ta faɗa. Mutumin da ya hana yarinya 'yar shekara biyar ɗaga wa kakarta hannu don kada a tsallake layi, shi ne ya tsallake mutum huɗu ya yi gaba abinsa. A cikin duk haushin da ya ba ni, wannan ne ya fi ci mini rai.

Maigida ya gaji hular da takardar, ban kuma hana shi ba. Sallar bana ya tsaya a ƙofa ya warware ta, ya bi ta da yatsa daga sama. Dada jan layi, Kawu Sali jan layi, Goggo Adda, maƙwabciyarmu, Malam Buba da ya koma garinsu ya rasu a can, duk jan layi. Yatsan bai tsaya ba sai a kan sunan Inna.

Ƙarfe goma na safe muna tsakar gidanta. Yaran sun girma, Walida ta fi ni tsawo, kayansu na telan kasuwa ne, fes, ko ɗigo babu. Abin da na yi shekara ashirin ina nema ke nan. Inna ta shafa wuyan rigar Walida, ta shafa gaban rigar Sadiku, ta shinshina hannunta.

"Ba zoɓo, ba manja. Daga ina kuke?"

"Daga gida, Inna. Bana ke ce ta ɗaya."

Hannunta ya tsaya a kan rigar.

"Duk sun tafi ke nan."

Ta saki rigar, ta ƙara da cewa:

"Ni dai da an bar ni a ta goma sha biyuna."

Allah ya jiƙan Bappa Hammadu, ya yafe masa, ni ma na yafe masa zoɓon da tocilan duka. Ya jiƙan duk wanda aka ja wa jan layi a takardar nan. Ranar da za a tsaya gaban Ubangiji, Allah ya sa a kira shi cikin na farko, ko ba shi ya riga zuwa duniya ba. Inna kuma, ya Allah, ka bar mana ita a ta ɗaya ta daɗe, ba ma sauri. Amin.